In bar situdiyo in koma jami'a? Ina neman shawarar masu koyar da zayyana

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba. Yau dai abin ya cika mini ciki. Ku yi haƙuri, zancen zai ɗan yi tsawo.

Shekarata takwas ina aikin zayyana a situdiyo, wato ɗakin da nake yi wa kwastomomi aiki: tambarin kamfani, kwalin kaya, bangon littafi, fasta, duk abin da kwastoma ya kawo. Ina da digiri na biyu a fannin, kuma zango uku ke nan ina koyar da 'yan aji biyu a matsayin malamar wucin gadi, rana ɗaya a mako. Ba zan ɓoye muku ba, wannan rana ɗaya ta fi mini sauran huɗun daɗi. Makon jiya shugaban sashen ya kira ni ofis ya ce mai yiwuwa a buɗe gurbi na dindindin, amma in ba digiri na uku da muƙalu a mujallu, ko na shiga ba zan yi nisa ba. Sai ya ce, "Mene ne fagen bincikenki?" Na jawo jakar ayyukana zan nuna masa. Ya ɗaga hannu ya ce ba abin da na yi yake tambaya ba, abin da nake son sani yake tambaya. Wallahi shiru na yi kamar ruwa ya cinye ni.

Da na koma gida na zauna da biro, abu uku suka fito. Na farko ƙirƙirarriyar basira da yadda take sauya aikinmu, don kowa cewa yake a nan tallafin bincike yake yanzu. Na biyu tarihin ƙirar haruffa, wanda nake so tun ina ɗaliba amma ban san ta ina ake kama shi ba. Na ukun kuwa ban ma san ko ya cancanci a kira shi bincike ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekara biyu da suka wuce an ba ni aikin kwali da takardar bayanin wani magani. Cikin gargaɗin akwai cewa mai juna biyu kada ta sha. Na zana mace mai ciki a tsaye ta gefe, na kewaye ta da jar da'ira, na ja layi a kanta. Na ɓata yini guda ina gyara lanƙwasar cikin har ya fito tsaf. Kwastoma ya yaba, aka buga. Wata rana goggona ta zo, ta ga samfurin a kan teburina, ta ɗauka ta nisanta shi da idonta yadda take yi in ta manta tabarau, ta ce, "Au, yanzu har na hana ɗaukar ciki kike zana musu?" Jikina ya yi sanyi. Na kira kamfanin, suka ce ai rubutun gargaɗin yana nan a ƙarƙashin hoton, kuma an riga an buga. Tun ranar, duk kwalin maganin da ya faɗo hannuna sai na juya shi ina tambayar kaina me wanda bai iya karatu ba zai gani.

To malamaina da yayyena, wannan bincike ne, ko kuskuren aiki ne kawai da ya kamata in gyara in wuce? Aikin shekara takwas ɗin nan yana da wani nauyi a jami'a, ko daga sifili zan fara? Kuma tsakani da Allah, shiga koyarwa ba sakin reshe kama ganye ba ne?

Wani mai situdiyo:

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki riƙe kwastomominki da kyau. Jami'a ta ga kina da hannu ne shi ya sa take zawarcinki, ranar da kika shiga kuma takarda za ta tambaye ki ba hannun ba. Ni dai iyakar tawa ke nan.

Wani dattijon malamin jami'a:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, shugaban sashenki ya yi miki tambayar kirki, kuma kin riga kin amsa ta ba ki sani ba. Dubi yadda kika rubuta saƙonki. Batu na farko layi ɗaya kika ba shi, dalilinki kuma shi ne abin da mutane ke cewa. Na biyu layi ɗaya. Na uku har yadda goggonki ta riƙe kwalin kin tuna. Shekara talatin ina zama a kwamitin duba kundi, ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarshen digiri na uku lafiya da batun da bai taɓa hana shi barci ba.

Bambancin da ya ɗaure miki kai a ofishinsa shi ne wannan. In kin gyara hoton kwalin nan ya zama goggo ta gane, kin yi aikin zayyana, kin warware matsalar kwastoma ɗaya. In kuwa kin gano me ya sa jan layi a kan mutum yake zama "wannan yana kawar da kaza" a idon wasu maimakon "mai kaza kada ya taɓa", kika nuna su wane ne ke karanta shi haka, kika rubuta yadda kika gano ta yadda wani a wata ƙasa zai iya maimaitawa ko ya ƙaryata ki, to kin yi bincike. Kwali ɗaya ne a duka biyun. Abin da ya rage a hannun jama'a bayan kin gama ne ya bambanta.

Kada ki ji kunyar rashin sanin wannan, fannin kansa bai daɗe da fara kokawa da tambayar ba. Makarantar zayyana ta Bauhaus, da Walter Gropius ya buɗe a Weimar ta Jamus a 1919 aka rufe a 1933, tsarin maigida da almajiri ta bi a ɗakunan aikinta, ba ta yaye kowa da kundin digiri na uku ba. Makarantar zayyana ta Ulm ce, ita ma a Jamus, daga 1953 zuwa 1968, ta shigo da lissafi da ilimin alamomi da nazarin halayyar ɗan Adam cikin manhaja, har malamanta suka yi ta rigima a kan ko an kashe fasaha. A 1962 aka yi taron farko kan hanyoyin zayyana a Landan, a 1966 aka kafa ƙungiyar masu binciken zayyana a Birtaniya, mujallar Design Studies kuma sai 1979 ta fara fita. Kwatanta da kimiyyar sinadarai ko likitanci ki ga jariri ne. Abin dariya ma, biyu daga cikin jagororin wancan yunƙuri, John Chris Jones da Christopher Alexander, a farkon shekarun 1970 sun juya masa baya, suna ganin an mai da zayyana lissafin da ba rai.

Abin da zai fi yi miki amfani shi ne rabon da Christopher Frayling na kwalejin fasaha ta Royal College of Art da ke Landan ya yi a 1993. Ya ce akwai binciken da ake yi a kan zayyana, kamar tarihinta da yadda mutane ke fahimtarta. Akwai wanda ake yi ta hanyar zayyana, wato ki ƙera abu, ki gwada, ki sake ƙerawa, ilimin yana fitowa daga ƙirar. Akwai kuma wanda ake yi domin zayyana, irin tattare-tattaren da kowannenmu ke yi kafin ya fara aikin kwastoma, wanda sakamakonsa yana cikin abin da aka ƙera. Shekara takwas kina yin na ukun. Jami'a ta fi saurin karɓar na farkon. Batunki na magani kuwa a na tsakiyan yake zaune daram, kuma a nan ne hannunki zai zama jari, don mai nazarin halayya zai iya auna ko an gane hoto amma ba zai iya zana guda goma da suka fi shi ba kafin la'asar.

Sai abu mai ɗan ɗaci. Ba ke kika fara ganin abin da goggo ta gani ba. A Amurka an gwada irin wannan alama ta mace mai ciki da layi a kanta, wadda ake sawa a wani maganin kuraje mai lahani ga ɗan tayi, aka buga sakamakon a 2001, kuma mata da dama cikin waɗanda aka tambaya sun ɗauka maganin hana haihuwa ne. Akwai ma ma'auni: na ƙasa da ƙasa, ISO 9186, ya tsara yadda ake gwada ko ana gane alama, ma'aunin Amurka na alamomin gargaɗi kuma, ANSI Z535.3, yana son kashi 85 cikin ɗari su gane daidai, waɗanda za su fahimci akasin saƙon kada su wuce kashi 5. Goggonki a cikin kashi biyar ɗin nan ta faɗa, mafi haɗari. Ɗalibai kan karaya in suka ga an riga su. Ni murna nake yi musu. In ba kowa a fage, galibi ba komai ne a wurin ba.

Wata ɗalibar digiri na uku, shekara ta uku:

Baba ya gama magana a kan batu, ni bari in taɓa abin da ba wanda ya gaya mini kafin in shiga.

Yaya, mai duba kundi za ki nema, ba sunan jami'a ba. Na ɓata kusan shekara ina aika takardar neman gurbi zuwa manyan makarantu ba amsa, don ina rubuta musu cewa ina sha'awar zayyana mai amfanar al'umma. Kowa yana sha'awar wannan. Ranar da na zauna na karanta muƙalu huɗu na wata malama mai bincike, na rubuta mata shafi guda cewa a gwajinki na kaza kin bar masu kaza a waje, ni kuma ina da hanyar isa gare su, cikin mako ta amsa. Ki buɗe International Journal of Design, kyauta ake karanta ta tun da ta fara a 2007. Ki duba kundayen tarukan ƙungiyar da Baba ya ambata, su ma suna intanet. Duk sunan da kika ga yana maimaituwa a kan bayanan magani da alamomi, ki rubuta shi. Sashen nazarin haruffa da sadarwar zane na jami'ar Reading a Ingila ya daɗe a wannan fage, kuma tun 1971 a can aka ajiye kayan Isotype, tsarin bayani da hotuna da Otto Neurath ya fara a Vienna a shekarun 1920 tare da Marie Neurath da mai zane Gerd Arntz. Kin ga ke nan son tarihinki ma bai faɗi ƙasa ba, babi guda ne a kundin.

Tsarin ƙasashe kuma ya sha bamban. A Holan da Siwidin ɗalibin digiri na uku yawanci ma'aikaci ne, ana tallata gurbin kamar aiki, shekara huɗu da albashi, sai dai sau da yawa an riga an yanke batun tun kafin ki zo, don kuɗin wani aiki ne aka samo. A Birtaniya ke kike kawo batunki, shekara uku zuwa huɗu, amma neman tallafi wuyanki ne. A Amurka ya fi tsawo saboda ana fara ɗaukar darussa. In batun goggo ne a ranki, ki lura kada ki karɓi gurbin da zai sa ki shekara huɗu kina aikin tambayar wani.

Sannan ki shirya wa rubutu. Ni da nake ji da kaina, muƙalata ta farko ta dawo da sharhin masu tantancewa uku. Na biyun ya rubuta cewa hotunan suna da kyau ƙwarai amma bai ga abin da aka gano ba. Na rufe kwamfutar na fita na zagaya ginin sau biyu. Da na dawo na sake karantawa na ga gaskiyarsa: shafi goma sha biyu ina bayanin abin da na ƙera, ko sakin layi ɗaya babu a kan abin da na sani yanzu wanda da ban sani ba. Mu masu zayyana an horar da mu mu ɓoye gwaje-gwajen da suka lalace mu nuna wa kwastoma na ƙarshe mai sheƙi. A bincike waɗanda suka lalacen su ne rabin hujjar. Daga yau kada ki sake jefar da zanen da bai yi ba, ki sa masa kwanan wata da dalilin da ya sa kika bar shi.

Mai tambaya:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Maganar kashi biyar ɗin nan ta sake tayar mini da hankali. Ƙanwata ke ma na gode, wallahi a kwandon shara duk gwaje-gwajen kwalin nan suka ƙare. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa mini tambayar reshe da ganye, ban da Malam na farko da ya yanke hukunci a layi uku.

Wata da ta yi shekara tara tana koyarwa ta bari:

To bari ni in taɓa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙanwata, ranar da kike jin daɗinta a mako, ranar aji, ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Yanzu baƙuwa ce ke, kina zuwa ki koyar ki tafi. In kin zama 'yar gida akwai taron sashe, taron tsangaya, haɗa sakamakon jarrabawa, cike takardun tantance kwasa-kwasai, duba aikin 'yan ajin ƙarshe su ashirin kowa da rigimarsa. Koyar da ajin situdiyo, wato ajin aikin hannu, kuma ba kamar lacca ba ce da za ki yi awa biyu ki fita. Tebur-tebur ake bi, yini guda. Binciken da aka ɗauke ki dominsa sai dare da hutun ƙarshen zango.

Abin da ya kore ni dai ƙarin girma ne. Na yi shekara biyu ina aikin alamomin nuna hanya a wani babban asibiti, na bi marasa lafiya da agogo ina auna minti nawa suke ɓatawa kafin su sami ɗakin gwajin jini, kafin da bayan sauyin. Na kai wa kwamitin ƙarin girma. Shugaban kwamitin, masanin kimiyya ne mutumin kirki, ya juya fayil ɗin gaba da baya ya ce, "Malama, ina muƙalun?" A takardar makinsu babu layin da za a rubuta irin wannan aiki. Abokin aikina da ya fitar da gajerun muƙalu shida a mujallun da ba mai karantawa ya wuce, ni na zauna. Laifina a ciki shi ne ban rubuta shi ya zama muƙala ba, alhali duk alƙaluman suna hannuna. Laifinsu kuma nasu ne.

Ba ko'ina haka yake ba. A Birtaniya tsarin da gwamnati ke auna binciken jami'o'i da shi, REF, wanda aka yi a 2014 da 2021, yana karɓar abin da aka ƙera ko baje kolin da aka shirya a matsayin sakamakon bincike, tare da bayanin da bai wuce kalma 300 ba kan tambayar da aikin ya amsa. A Amurka makarantu da yawa suna ɗaukar MFA, digiri na biyu a fannin fasaha, a matsayin ƙololuwa ga malamin situdiyo, ba a neman na uku, sai dai wajen shekara ta shida za a zauna a kan fayil ɗinka a yanke ko ka tabbata ko ka nemi wani wuri. Don haka amsar tambayarki ta biyu ba ta hannun kowa a nan. Ki koma wurin shugaban sashenki ki ce ya ba ki ƙa'idojin ɗauka da na ƙarin girma a rubuce. Ba abin da yake ganin za a yi ba, takardar kanta. Ki nemi inda aka ambaci aikin ƙira. In babu, kin san da wace kasuwa kike ciniki.

Kuma ko kin shiga kada ki rufe situdiyo gaba ɗaya. Riƙe kwastoma biyu ko uku. Ba don kuɗin kaɗai ba. Ɗalibai suna shinshino malamin da rabonsa da aikin gaske ya kai shekara goma, tun daga ƙofa.

Wani matashi mai zayyanar manhajoji:

Da girmamawa ga Baba da Anti, ni ban yarda a yi watsi da batu na farko haka kawai ba. Maganar gaskiya, guraben da ake tallatawa yanzu da yawansu a mahaɗar zayyana da kwamfuta suke. Taron CHI na masu nazarin mu'amalar mutum da kwamfuta, wanda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka aika kawai yake karɓa, muƙala ɗaya a cikinsa tana buɗe ƙofar da mujallun zayyana uku ba za su buɗe ba. In Yaya ta bi kwalin magani, wa zai ɗauki nauyinta? So daban, abin da zai biya kuɗin makaranta daban. In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Ɗalibar digiri na uku:

Malam, akwai gaskiya a maganarka ta guraben aiki, ban musa ba. Amma lissafa da ni. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, Midjourney da Stable Diffusion, a 2022 suka fito, ChatGPT a ƙarshen shekarar. Wanda ya fara kundi a lokacin a kan gazawar waɗannan manhajoji wajen zana yatsun hannu ko rubuta haruffa a cikin hoto, kafin ya kai babi na uku gazawar ta zama labari. Na san wanda hakan ta faru da shi a ofishinmu, sau biyu yana sauya tambaya. Wanda zai yi bincike a wannan fage sai yana da tambayar da ta fi na'urar tsawon rai. Yaya kuwa ba ta da tambaya a can, ta ce ne kawai ana cewa akwai kuɗi. Batun wa zai ɗauki nauyi kuma, masu ba da tallafin binciken lafiya sun fi na zayyana yawa nesa ba kusa ba, kuma shan magani ba daidai ba matsala ce da suka sani.

Matashin:

Na karɓi rabi. Amma ko a batun maganin, in na'ura za ta iya fitar da hoto hamsin a minti biyar a gwada su, ai ta shigo.

Dattijon malamin:

Ta shigo a matsayin kayan aiki, ɗana, kamar almakashi. Wannan ba wanda zai hana ta. Sai dai kada a ɗora almakashi a kan bangon kundi.

Wani mai harhaɗa magunguna:

Ni ba mai zayyana ba ne, matata ce take cikin zauren nan ta miƙo mini waya ta ce karanta. Malama, abin da kika gani sau ɗaya a teburinki mu kullum muke ganinsa a kantar sayar da magani. Takardar cikin kwali da kuke wahalar tsarawa, mafi yawan mutane ko warware ninkinta ba sa yi. Abin da suke bi shi ne abin da na zana musu da biro a bayan kwalin: kara ɗaya, tazara, kara ɗaya, tazara, kara ɗaya. Safe, rana, dare. Wani abokin aikina da'ira yake yi maimakon kara. Ba wanda ya koya mana a makaranta, kuma ban san wanda ya taɓa gwada wanne aka fi ganewa a cikin namu ba. Na taɓa samun wanda ya karanta kara uku a matsayin ƙwaya uku a lokaci guda, Allah ya kiyaye maganin ba mai ƙarfi ba ne.

A Tarayyar Turai, tun 2005 doka ta wajabta a gwada takardar bayanin magani a kan mutane irin waɗanda za su sha shi kafin a amince da ita. Ana ba mutum takardar a ce ya nemo, misali, me zai yi in ya manta bai sha ba, a ga ko zai samu kuma ko zai iya faɗa da bakinsa. Yawanci mutum ashirin ne, goma-goma, a gyara tsakanin zagaye biyun. Amma wannan gwaji na wanda ya iya karatu ne. Goggonki ba ta cikin lissafin. In kin tashi aikin nan da gaske ki nemi mai harhaɗa magunguna ko likita a cikin masu duba ki, don kwamitin ɗa'ar bincike ba zai bar mai zane ita kaɗai ta tunkari marasa lafiya ba, kuma mujallunmu ma suna buga irin wannan.

Dattijon malamin:

Alhaji, Allah ya yi wa maiɗakinka albarka da ta miƙa maka wayar. 'Yata, kin ji karan biron nan? Mutanen da ba su taɓa shiga ajin zayyana ba sun ƙirƙiro tsarin alamomi, suna amfani da shi kullum a kan kwalin da ke kika zana, a saman aikinki. Da ni ne ke, daga nan zan fara, kafin in zana komai: in zauna a gefen kanta in ga me ake zanawa, me ake faɗa da baki lokacin miƙawa, me mutum ya tuna bayan kwana uku. A Norway, farkon shekarun 1970, Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe kan yadda za a shigo da kwamfuta masana'antu da sa hannunsu, kuma daga irin wannan aiki ne zayyana tare da masu amfani da abu ta samo tushe. Ke masu harhaɗa magani da goggo ne abokan zanenki.

Game da reshe da ganye, ban ce ki saki komai bana ba. Ki ci gaba da rana ɗayarki. Ki yi ƙaramin nazari guda, ki rubuta shi, ki aika taro. In kin sha sharhin masu tantancewa kika ji kina son gyarawa ki sake aikawa, kin samu amsarki. In kin ji gara ki koma ga tambarin kamfani, kin huta da ɓata shekara huɗu, kuma ba abin kunya a ciki.

Mai tambaya:

Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya bar zumunci. Anti, yau da safe na je na nemi takardar ƙa'idojin. Sakataren sashen ya ce sai ya nemo, wai ba a cika tambayarta ba. Na kuma zana sabbin alamomi biyar na gargaɗin masu juna biyu, na sa wa kowace kwanan wata. A ɗaya na cire jan layin daga kan matar na mai da shi kan hannun da ke kai ƙwaya baki. Ina so in nuna wa mata kamar goma a ƙarshen makon nan, goggo ce ta farko. In nuna da rubutun a ƙasa ko hoton zalla?

Ɗalibar digiri na uku:

Zalla, kuma a girman da zai fito a kwali, ba cike da fuskar waya ba. Kowace mace hoto ɗaya za ki nuna mata, don in ta ga na farko ta riga ta koyi amsar na biyu. Kada ki ce "kin gane?", kowa zai ce e don kada ya ba ki kunya. Ki ce, "In kin ga wannan a jikin magani, me yake ce miki ki yi?" Ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, ko da ya ba ki haushi. Wannan zagayen na koyon hannu ne kawai, ba za ki iya buga shi ba tunda ba ki da izinin kwamitin ɗa'a, don haka ki fara cike takardarsu tun yanzu, tana ɗaukar makonni. Goggo kuma a cire ta daga lissafi, ta riga ta san amsar. Ki ba ta aikin kirawo ƙawayenta.